Majinyacin da Ba Ya Iya Guduwa: Tunjere da Allura a Gidajen Yarin Amurka

Wata rana cikin watan Fabrairun 1938, gandirobobin kurkukun Alcatraz, wanda ke kan wani tsibiri a mashigin tekun San Francisco, suka lura fursuna mai lamba 85 ba daidai yake ba. Ya rikice, harshensa na sarƙewa, abin da ya saba yi kullum ya gagare shi. Aka haura da shi asibitin kurkukun da ke saman ɗakin cin abinci, aka soka masa doguwar allura tsakanin ƙasusuwan baya, aka ɗebo ruwan laka. Sakamakon ya tabbatar da abin da likitoci ke zargi: tunjere ya kai ƙwaƙwalwa. Fursunan nan shi ne Al Capone, wanda shekaru goma kafin nan ko sunansa aka ambata a birnin Shikago sai mutane su rage murya. Shekararsa 39.

Duk da jinin da yaransa suka zubar a harkar fasa-ƙwaurin barasa, ba kisan kai ne ya kai shi gidan yari ba. Ƙin biyan haraji ne. A 1931 kotu ta yanke masa shekara 11, a watan Mayun 1932 kuma ya shiga kurkukun gwamnatin tarayya da ke Atlanta, inda aka ba shi aikin ɗinkin tafin takalma. Tun a binciken shiga likitoci suka rubuta cewa yana ɗauke da tunjere da ciwon sanyi. Masu tarihin rayuwarsa sun ce tun yana saurayi ya kwaso ciwon a gidajen karuwan Shikago, bai nemi magani ba, kuma ko a kurkuku ya daɗe yana ƙin yarda a taɓa masa baya da allura. Aka mayar da shi Alcatraz a Agustan 1934. Duk tsawon shekarun nan ciwon yana aikinsa shiru.

Sunan Capone ne ya sa aka adana labarinsa. Dubban fursunoni irinsa sun bi layin allura a gidajen yarin Amurka tsakanin 1910 da 1950, ba wanda ya rubuta tarihinsu sai lambobi a cikin rajistar asibiti. Abin da ya faru da su ya cancanci a tsaya a duba, domin a nan ne aka ga yadda katangar da ta sa magani ya yiwu ita ce kuma ta sa aka ɗauki ɗan Adam abin gwaji.

Ciwon da ke ɓuya shekara ashirin

Tunjere yana farawa da ɗan gyambo marar zafi a inda ƙwayar cutar ta shiga. Ko ba magani, bayan 'yan makonni zai warke. Daga baya ƙuraje su feso a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, su ma su wuce. Sai mutum ya ce Alhamdu lillahi ya rabu da shi. A nan ne haɗarin yake. Ƙwayar cutar, wadda Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka fara gani a Balin a 1905, siririya ce mai murɗe-murɗe, tana iya kwanciya a jiki shekara goma, ashirin, har talatin, tana ci kamar gara a cikin azara, ba a sani ba sai ranar da rufi ya rufto.

Ba kowa yake kaiwa wannan mataki ba. A birnin Oslo na ƙasar Nowe, wani likita mai suna Caesar Boeck ya ga zaibar da ake ba majinyata ba ta da amfani, sai ya hana ta ga kusan mutum 2,000 tsakanin 1891 da 1910. Da aka bi sawunsu shekaru da yawa bayan haka, sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ne ciwon ya dawo musu da mummunar fuska. Wasu manyan gyambuna ne ke cin fata da ƙashi, su huda ganɗa, su rusa karan hanci. Kusan ɗaya cikin goma ciwon ya kama babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, ta kumbura, wata rana ta fashe. Kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari kuwa ya shiga laka ko ƙwaƙwalwa. In laka ce, mutum ya riƙa jin suka kamar walƙiya a ƙafafu, ya daina jin inda yake takawa, yana tafiya yana doka ƙafa a ƙasa. In ƙwaƙwalwa ce, hali ne ke fara canzawa: mantuwa, saurin fushi, rashin kunya a wanda da yake da kunya, sannan ruɗin girman kai, mutum ya ce shi sarki ne ko mai dukiyar da ba ta ƙirguwa. Daga nan sai farfaɗiya, shanyewar jiki, kwanciya, mutuwa cikin 'yan shekaru. A 1913 Hideyo Noguchi, ɗan ƙasar Jafan da ke aiki a Cibiyar Rockefeller ta New York, ya nuna ƙwayar cutar a cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da irin wannan hauka, gardama ta ƙare.

Yanzu a sa wannan mutum a wurin da komai da ƙararrawa ake yinsa: tashi, ƙidaya, cin abinci, aiki, kwanciya. A Alcatraz na farkon shekarunsa har magana an taƙaita wa fursunoni. Wanda ya fara manta layinsa, ko ya yi wa gandiroba tsawa, ko ya yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba likita ne zai fara ganinsa ba. Gandiroba ne, kuma sunan abin a wurinsa taurin kai. Wannan yana cikin abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan: kafin a gane mutum majinyaci ne, an riga an hore shi a kan alamomin ciwonsa.

Layin allura

Daga 1930 Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Amurka ce ta karɓi aikin kula da lafiyar fursunonin gwamnatin tarayya. Gwajin jini na Wassermann, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a 1906, da na Kahn da ya biyo baya, sun zama cikin abin da ake yi wa sabon shiga tare da aski da awon nauyi. Da yawa a ranar ne suke fara jin suna da ciwon, kuma mafi yawansu ya daɗe da wuce matakin gyambo.

Me likita ke da shi a hannu? Mafi tsufa ita ce zaiba, wadda Turawa suka yi shekara ɗari huɗu suna fama da ita. Akan cuɗa ta da mai a murza a fata, yau cinya, gobe haƙarƙari, ko a yi allurarta. Takan sa yawu ya yi ta dalala, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ƙoda ta lalace. Sai gishirin ayodin da ake sha a ruwa, wanda tun shekarun 1830 aka san yana narkar da manyan gyambunan nan, amma ba ya kashe ƙwayar cutar.

Babban makami shi ne Salvarsan, wanda ake kira 606. Paul Ehrlich da abokin aikinsa Sahachiro Hata ne suka tabbatar da aikinsa a Frankfurt a 1909, aka fara sayar da shi a 1910. Asalinsa gubar asanik ce aka sarrafa. Gari ne rawaya a cikin 'yar kwalba da aka liƙe bakinta, domin iska na ɓata shi ya ƙara guba. Sai an fasa kwalbar a narkar da shi a tataccen ruwa, a ɗiga wani sinadari a kashe tsaminsa, sannan a sa shi ya gangara a hankali cikin jijiyar hannu. In allura ta kauce maganin ya zuba a nama, wurin zai yi zafi kamar wuta, wani lokaci ya ruɓe. A 1912 aka fito da Neosalvarsan wanda ya fi sauƙin haɗawa. Amma jiki bai daina biya ba: amai, jiri, zazzaɓi, shawara, wani ma fatarsa gaba ɗaya ta riƙa saɓulewa, wani ya mutu. A 1921 masu bincike a Faransa Robert Sazerac da Constantin Levaditi suka kawo bismut, wanda ya maye gurbin zaiba. Shi kuma a cikin mai yake, da doguwar allura ake tura shi can cikin naman ɗuwawu, ya bar ƙullutu mai ciwo, ya kuma ja wani baƙin layi mai shuɗi-shuɗi a dasashi wanda duk wanda ya sani zai gane da an buɗe baki.

Ba sau ɗaya ake yi ba. Tsarin da manyan asibitocin Amurka suka amince da shi a shekarun 1930 ya kai kusan wata 18: zagayen asanik a jijiya mako-mako, sai zagayen bismut a ɗuwawu, a sake komawa, allura wajen 60 zuwa 70. Wannan ga wanda ciwonsa sabo ne ke nan. Wanda ya tsufa a jikinsa yakan yi shekara biyu ko fiye, kuma ana taka-tsantsan da shi. In ciwon ya taɓa zuciya ko hanta, ba a fara masa da asanik, domin kashe ƙwayoyin cutar farat ɗaya na iya tayar da kumburi a inda ba a so, ko warkewar gaggawa ta bar tabo da zai ƙara lalata wurin. Sai a share makonni ana lallaɓa shi da bismut da ayodin tukuna.

Ga ƙwaƙwalwa kuwa Salvarsan bai cika isa can ba. Shi ya sa aka koma ga wani ɗan'uwansa mai suna Tryparsamide. Wannan magani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Cibiyar Rockefeller aka haɗa shi, likita Louise Pearce ta kai shi Kwango a 1920 ta gwada shi a kan masu ciwon barci, kuma yana cikin alluran da ma'aikatan yaƙi da ciwon barci suka yi wa ɗimbin jama'a a Arewacin Nijeriya a shekarun 1930, zamanin da ya haifar da aikin Anchau da garin Takalafiya. Da likitocin jihar Wisconsin suka ga yana ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, sai suka gwada shi a kan masu haukar tunjere a farkon shekarun 1920, wasu kuma suka samu sauƙi. Aibinsa shi ne ido. Yakan lalata jijiyar gani, filin da mutum ke gani ya riƙa tsukewa daga gefe, in ba a tsayar da allurar da wuri ba ya makance. Ke nan mutumin Zazzau da ƙudan tsando ya ciza da fursunan Amurka da tunjere ya taɓa wa kai, kwalba ɗaya aka fasa musu, kasada ɗaya suka ɗauka.

Sai kuma hanyar da ta fi kowacce ban tsoro. A 1917 Julius Wagner-Jauregg, likitan masu taɓin hankali a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ɗebi jinin wani soja mai zazzaɓin cizon sauro ya yi wa masu haukar tunjere allurarsa da gangan. Ƙwayar tunjere ba ta jure zafi. Akan bar majinyaci ya yi ta karkarwa da zufa, zafin jikinsa ya kai digiri 40 ko 41, sau goma ko sha biyu, sannan a tsayar da zazzaɓin da kwinin. Kusan kashi ɗaya cikin uku sukan farfaɗo har su koma gida, abin da ba a taɓa gani ba a ciwon da da hukuncin kisa ne. Wasu kuma zazzaɓin ne ke ƙarasa su. An ba shi kyautar Nobel a 1927. A Amurka an lura cewa nau'in zazzaɓin da aka fi amfani da shi ba ya kama baƙaƙen fata da yawa, saboda wani gado da ke cikin jinin mutanen Afirka ta Yamma, sai aka riƙa nemo musu wani nau'in. Daga baya aka ƙera akwatin zafi da ake kwantar da mutum a ciki, kansa kaɗai a waje, a gasa shi sa'o'i.

Irin waɗannan magunguna ne aka ɗora Capone a kansu. Ya ƙarasa zamansa na Alcatraz a asibiti, a Janairun 1939 aka mayar da shi kurkukun Terminal Island a Kalifoniya, aka sake shi ran 16 ga Nuwamban 1939. Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya ƙi karɓarsa saboda sunansa, asibitin Union Memorial ya karɓe shi, kuma wanda ya duba shi shi ne Joseph Earle Moore, ɗaya daga cikin manyan masana tunjere na Amurka. A riƙe wannan suna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Capone ya kasance cikin farar hula na farko-farko da suka samu fenisilin, amma magani na kashe ƙwayar cuta ne, ba ya mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. A 1946 likitocin da suka auna shi suka ce tunaninsa na yaro ɗan shekara 12 ne. Ya mutu a gidansa na Filorida ran 25 ga Janairun 1947.

Abin da katanga ta ba likita

A waje, babbar matsalar maganin asanik da bismut ita ce mutane ba sa ƙarasawa. Wa zai bar aikinsa kowane mako na shekara ɗaya da rabi, ya biya kuɗi, a soke shi, ya koma gida yana amai, alhali shi bai jin ciwon komai? Da ƙurajen sun bushe sai a neme shi a rasa. Thomas Parran, shugaban Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a, wanda ya fito da maganar tunjere fili a 1936 da 1937 lokacin da gidajen rediyo ke ƙin a ambaci sunan ciwon, ya sha kokawa da wannan.

A kurkuku babu wannan matsala. Majinyaci yana nan ranar allura, yana nan mako mai zuwa, yana nan baɗi. An san abin da yake ci, an san lokacin barcinsa, ba ya samun barasa, ana iya ɗibar jininsa duk lokacin da aka so, a bi shi shekara biyar ko goma. Gaskiya ce a faɗa cewa akwai talakawa da yawa da ba su taɓa ganin likita ba sai da aka ɗaure su, kuma wasunsu sun fita da ciwon da aka tsayar kafin ya kai zuciya ko kai. Wannan alheri ne, ba zan rage masa daraja ba. Amma duk abin da ya sa fursuna ya zama majinyaci mai daɗin sha'ani shi ne ya sa ya zama abin kwaɗayi ga mai bincike. Mutumin da ba ya iya guduwa daga magani, ba ya iya guduwa daga gwaji.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe ƙofar. Sojojin Amurka na asarar kwanakin aiki masu yawa saboda cututtukan jima'i, ana neman abin da soja zai shafa ko ya sha bayan ya sadu da mace. Kwamitin masana da Moore ke shugabanta ya goyi bayan a gwada a kan fursunoni. Daga 1943 zuwa 1944, a kurkukun tarayya na Terre Haute da ke jihar Indiana, aka sa wa mutum 241 ƙwayar ciwon sanyi da gangan. An yi musu bayani, sun sa hannu a takarda, an ba kowa dala 100 da takardar yabo zuwa ga hukumar da ke duba sakin fursunoni kafin wa'adi. Ko mutumin da ke ƙirga kwanakinsa zai iya cewa a'a ga irin wannan takarda da zuciya ɗaya, wannan abin tambaya ne. Duk da haka an tambaye su. Gwajin ya tsaya bayan wata goma saboda likitoci sun kasa samun hanyar sa ciwon ya kama kowa daidai. Cikin masu aikin akwai John Mahoney da wani matashin likita mai suna John Cutler.

A wannan shekarar ta 1943 Mahoney ya yi abin da ya canza tarihin ciwon baki ɗaya. A asibitin Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a da ke Staten Island ya yi wa mutum huɗu masu sabon tunjere allurar fenisilin duk bayan awa huɗu har kwana takwas, suka warke. Abin da ke cin wata 18 da guba ya koma mako ɗaya. A 1944 rundunar sojan Amurka ta karɓe shi, kuma a shekarar John Stokes da abokan aikinsa a Philadelphia suka ba da rahoton cewa yana aiki har ga wanda ciwon ya kai wa laka da ƙwaƙwalwa. Cikin shekaru goma asanik da bismut da zazzaɓin gangan suka zama tarihi. Mutum zai zaci daga nan fursuna ya huta. Mafi munin abin yana gaba.

Gwatamala

A farkon 1946 kwamitin nazarin tunjere na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, wanda shi ma Moore ne shugabansa, ya amince da kuɗin wani bincike a ƙasar Gwatamala. Wani likitan ƙasar, Juan Funes, wanda ya yi horo a ɗakin binciken Mahoney, shi ya nuna cewa a can karuwanci ba laifi ba ne kuma doka ta yarda karuwai su ziyarci fursunoni a gidan yari. Cutler ya sauka a birnin Gwatamala a 1946. Aka fara da babban kurkukun birnin, mai fursunoni wajen 1,500. Aka riƙa biyan mata masu ɗauke da ciwon, wasu ma likitocin ne suka sa musu, su kwana da fursunoni. Da aka ga ciwon ba ya kamawa yadda ake so, sai aka koma ɗebo ƙwayar cutar daga jikin zomaye, a kankare fatar hannu ko ta al'aura a shafa, ko a yi allurarta kai tsaye.

Fursunonin sun ba su wahala ta wata hanya: sun ƙi yarda a riƙa ɗibar musu jini a kai a kai, suna cewa yana raunana su. Sai aikin ya karkata zuwa barikin soja da asibitin masu taɓin hankali, inda ba mai iya musu. An saka wa asibitin da maganin farfaɗiya da firji da kwanonin cin abinci, majinyata kuma da taba sigari. Akwai mata masu farfaɗiya da aka yi wa allurar ƙwayar tunjere ta ƙeya, cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wato abin da ciwon ke ɗaukar shekara ashirin kafin ya yi, likita ya yi shi da hannunsa cikin minti ɗaya.

Tsakanin 1946 da 1948 mutum 1,308 aka sa wa tunjere ko ciwon sanyi ko wani ciwon gyambon al'aura. Takardu sun nuna 678 ne kawai suka samu wani magani, alhali fenisilin na hannu. An rubuta mutuwar mutum 83 a lokacin aikin. Ba a samu shaidar an nemi yardar kowa ba. Kuma ba za a ce zamanin ne bai san ya kamata ba. Waɗannan likitoci su ne suka raba takardar sa hannu a Terre Haute shekara uku kafin nan. A daidai lokacin da suke wannan aiki ana shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg, inda a Agustan 1947 alƙalan Amurka suka kafa ƙa'idar cewa ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa. A Afrilun wannan shekarar editan kimiyya na jaridar New York Times ya rubuta cewa yi wa mutane allurar tunjere kamar yadda ake yi wa zomaye abu ne da ɗa'a ba za ta taɓa yarda da shi ba, Cutler kuma ya ga rubutun, ya nemi a ƙara rufe bakin aikin. Wani abokin aikinsa ya rubuto masa cewa Parran da kansa ya ce ba za a iya yin irin wannan a cikin Amurka ba. Ba a taɓa buga sakamakon gwajin sa ciwon ba.

Cutler ya koma gida ya ci gaba da samun girma. A 1953 ya shiga wani aikin a kurkukun Sing Sing na jihar New York, tare da Harold Magnuson da Evan Thomas da Sidney Olansky da likitocin kurkukun. Nan ne tsofaffin masu tunjere suka zama abin nema, domin tambayar ita ce: wanda ya taɓa yin ciwon aka yi masa magani, yana da kariya in ya sake haɗuwa da shi? Fursunoni 62 suka ba da kansu, takwas daga ciki ba su taɓa yin ciwon ba. Aka yi musu allurar wani nau'in ƙwayar cutar da aka ciro daga ruwan lakar wani majinyaci tun 1912 ake rainonsa a jikin zomaye. Waɗanda ba su taɓa yi ba suka kamu. Waɗanda aka yi wa magani tun ciwon yana sabo su ma suka sake kamuwa. Cikin waɗanda ciwon ya daɗe a jikinsu kafin magani, wasu suka kamu wasu ba su kamu ba, har aka samu waɗanda irin gyambon matakin ƙarshe ya fito musu a wurin allurar. An yi wa waɗanda suka kamu fenisilin, aka buga rahoton a 1956, kuma har yau littattafan likitanci na kawo ƙididdigar da aka samo a can, cewa ƙwayoyi kusan 57 sun isa su sa wa rabin mutane ciwon. Ɗalibin likita da ke haddace wannan lamba a yau, a Kano ko a Landan, da wuya a gaya masa daga fatar wa aka samo ta.

Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a ce dai ke riƙe da binciken Tuskegee a jihar Alabama, inda daga 1932 aka bar baƙaƙen fata 399 masu tsohon tunjere ba magani domin a ga yadda ciwon zai ƙare da su. Moore na cikin waɗanda aka nemi shawararsu tun farko, Cutler kuma ya yi aiki a ciki daga baya, har a 1993 yana kare shi a talabijin. Sai a 1972 jarida ta tona, aka tsayar. Wannan tonon asiri ne ya jawo dokokin da a 1978 suka taƙaita gwaji a kan fursunoni a Amurka. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da aka sa wa sunan Nelson Mandela, waɗanda suka ce fursuna na da haƙƙin samun kulawar lafiya daidai da na waje, suka kuma haramta gwajin da zai cutar da lafiyarsa.

Maganin kansa yanzu ba shi da wuya. Tsohon tunjeren da bai taɓa ƙwaƙwalwa ba, allura uku ce ta fenisilin mai daɗewa a jiki, ɗaya kowane mako. Wanda ya kai laka ko ƙwaƙwalwa, fenisilin ta jijiya kwana 10 zuwa 14. Bayan shekara 80 ƙwayar cutar ba ta koyi jure masa ba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 8 ne suka kamu da ciwon a 2022, kuma ita wannan allurar mai araha takan yi ƙaranci a ƙasashe da dama saboda kamfanoni kaɗan ne ke yin ta.

Cutler ya mutu a 2003, ya bar takardunsa a Jami'ar Pittsburgh inda ya koyar. A cikinsu ne Susan Reverby, masaniyar tarihi da ke bin sawun Tuskegee, ta ci karo da rajistocin Gwatamala, da sunaye da hotuna. Ran 1 ga Oktoban 2010 Shugaba Barack Obama ya kira Shugaba Álvaro Colom ta waya ya ba da haƙuri, kwamitin da ya naɗa kuma ya fitar da rahotonsa a Satumban 2011. Mutanen Tuskegee da magadansu sun samu diyyar dala miliyan 10 a 1974. Na Gwatamala sun kai gwamnatin Amurka ƙara, amma a 2012 wata kotun tarayya a Washington ta kori ƙarar, bisa dalilin cewa doka ba ta ba da damar a tuhumi gwamnati kan cutarwar da ta faru a wata ƙasa ba.